Canon EOS R10 da lensin 18-150mm a tafiyar iyali ta jirgin ruwa: inda suka isa da inda suka gaza

Tun da jirgin Aroya na Saudiyya ya fara ɗaukar fasinjoji daga Jidda a Disamban 2024, babu giya a cikinsa kuma abincinsa na halal ne, yawon shaƙatawa a teku ya shiga lissafin magidantan da a da ba su ko kawo shi a rai. Ga kuma jiragen da ke tashi daga Dubai lokacin sanyi suna zagaya Abu Dabi da Doha, da ƙananan jiragen Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a Masar. Wanda ya biya wa mutum biyar ko shida kuɗin irin wannan tafiya tun daga Sakkwato, ya bi ta Abuja ko Kano, ba zai so ya dawo da hotunan da fuskokin yara suka yi baƙi ƙirin a gaban farin ruwa ba. Shi ya sa tambayar ke yawan zuwa: wace kyamara za a saya, kuma lensi nawa za a ɗauka?

Amsarmu ba ta da tsawo. Kyamara ɗaya marar nauyi, lensin zum ɗaya da zai riƙa kwana a jikinta, sai ƙaramin lensi mai shigar da haske sosai don dare. Cikin abin da ake iya samu a Najeriya ba tare da wahala ba, Canon EOS R10 haɗe da RF-S 18-150mm ita muka ga ta fi dacewa da aikin, duk da tana da aibu biyu manya waɗanda teku ke saurin tonawa.

Nauyi shi ne abin da mai saye ke rainawa a shago, kuma shi ke yanke hukunci a hanya. R10 da batir da memori giram 429 ce, lensin giram 310, jimla 739, wato kamar ledar ruwa ɗaya da rabi. Masu ɗaukar hoton biki sukan ba da shawarar abin da hannunsu ya saba da shi, irin su babbar kyamarar 5D Mark IV da lensunan 24-70mm da 70-200mm, waɗanda in aka haɗa sun haura kilo 3. A wajen ɗaurin aure wannan daidai ne, domin aikin da ya kawo mutum ke nan. A jirgi kuwa maigida na riƙe da fasfo shida da katin ɗaki da hannun auta, ga layin sauka a tasha, ga tafiyar ƙafa cikin rana a tsohuwar unguwar Balad ta Jidda ko a haikalin Karnak da ke Luksor. Kwana biyu ake yi babbar jaka ta koma zaman kabad, kowa ya koma kan wayarsa. R10 kuwa Hajiya za ta rataya ta ƙarƙashin mayafi ba ta ji ta ba, yarinya 'yar shekara 12 ma za ta riƙe ta ta ɗauki iyayenta, har maigida shi ma ya fito a hoto.

Canon ta fito da ita a 2022, megafiksel 24.2 ce, kuma abin da ya fi komai amfani ga mai yara shi ne yadda take kama ido. Tana gane mutum, ta ɗora ɗan akwati a kan idonsa, ta bi shi ko da gudu yake. A sa ta a Servo AF, wato saitin bin abin da ke motsi, tun daga gida, a zaɓi mutane a matsayin abin da za ta bi, a bar ta haka. Tana iya ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya yi wa iyali yawa. A sauke saurin ɗaukar zuwa saitin H ko ƙasa da haka, in ba so ake tsallen yaro ɗaya cikin wurin wanka ya haifi hoto hamsin da za a rasa mai zaman tacewa ba. Idan fuskoki suka yi mata yawa, wani lokaci takan koma kan baƙon da ya gitta. Nan ne ɗan maɓallin da ke bayanta daidai babban yatsa, wanda ake turawa hagu da dama, yake biyan kuɗinsa: turawa ɗaya ta dawo kan ɗanku. Ƙanwarta R50 giram 375 ce, ta fi araha, kuma ingancin hotonsu kusan ɗaya ne, amma ba ta da wannan maɓalli, ba ta kuma da na'urar da ke kakkaɓe ƙura daga sensa, wato faifan da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara. Ga wanda zai dawo da kyamara garin da hazon hunturu ke rufe rana wata da watanni, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi.

Abin da 18-150 ke nufi a aikace

A R10 ana ninka lambar lensi da 1.6, don haka wannan yana ganin abin da 29 zuwa 240 ke gani a babbar kyamara. A 18mm, in aka tsaya mita 2 daga mutane, faɗin mita 2 da rabi ne zai shiga, wato mutum biyar kafaɗa da kafaɗa. A 150mm, yaro mai tsayin mita 1.2 zai cika hoto daga nisan mita 12, ya isa a ɗauke shi daga wancan gefen wurin wanka bai ma sani ba, kuma irin waɗannan hotuna su ne ake komawa ana kallo bayan shekaru. Kifin dolfin da ya yi tsalle mita 50 daga jirgi zai ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton, sauran a yanke a waya, megafiksel 24 na ɗaukar yanka. Hasumiyar masallaci daga bakin tasha, kwale-kwale mai filafili a Nilu, farantin abinci a tebur, duk da lensi guda ba a kwance shi ba.

Wannan rashin kwancewar shi ne babbar fa'idarsa. Duk sanda aka cire lensi a saman jirgi, sensar R10 a buɗe take, babu labulen da ke rufe ta, kuma iskar teku ɗauke take da ɗigon gishirin da ido ba ya gani. Ƙurar Sakkwato in ta hau sensa ana hure ta ta tashi. Gishiri kuwa da laima yake zuwa, ya bushe ya manne, sai an goge da ruwan goge sensa, aikin da ba a so a koya a tsakiyar teku. In canji ya zama dole, a yi shi a ɗaki, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa, sabon lensi na hannu an riga an cire murfinsa na baya.

Da rana hotonsa tas yake a tsakiya, gefuna na ɗan yin laushi a 18mm da kuma can ƙarshen 150mm, abin da ba za a gani a waya ko a hoton da aka wanke don albam ba. Gindinsa na roba ne, kuma Canon ba ta saka malfarsa a kwali. A sayi malfar, EW-60F, daban. Tana tare hasken da ke tasowa daga ruwa ya wanke launin hoto, tana kuma karɓar bugu idan kyamara ta daki ƙarfen baranda ko ƙofar ɗaki, kuma ƙofofin jirgi masu nauyi ne.

Aibu na farko: dare

Lensin yana farawa da f/3.5, amma da an fara jawo zum ƙofar haskensa ke tsukewa, kafin a kai 70mm ya riga ya koma f/6.3. Rabin rayuwar jirgi kuwa da dare take: cin abinci a ɗakin da aka rage wa fitila, wasannin dandamali, zagayen bayan Isha'i. A irin wannan haske, kyamara dole ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ta jinkirta ƙiftawa hoto ya yi rawa, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, fuska ta yi yashi-yashi. Akwai na'urar hana rawa a cikin lensin, kuma tana aiki, amma rawar hannun mai ɗauka take gyarawa, ba motsin yaron da ke juya kai ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa: tebur da kofuna sun fito tas, fuskar yaro ta zama hayaƙi, su ce kyamara ta lalace.

Maganin lensi na biyu ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Mai shago zai miƙo RF 50mm f/1.8, saboda araha da yadda yake narkar da bayan mutum. Lensi ne mai kyau, amma a R10 ya zama 80mm. Kafin mutum biyar ɗin nan su shiga sai an ja baya fiye da mita 5 da rabi, ɗakin jirgi kuwa daga gado zuwa bango bai kai rabin haka ba, a teburin abinci kuma fuska ɗaya kawai zai ɗauka. Ba shi da na'urar hana rawa, R10 ita ma ba ta da ita a jikinta. Wanda ya dace shi ne RF 24mm f/1.8 Macro IS STM, giram 270. Daga mita 2.7 yana kwashe mutum biyar, yana da hana rawa, kuma a f/1.8 hasken da yake shigarwa ya ninka na f/6.3 sau 12. A teburin dare a sa shi a f/2 zuwa f/2.8, ƙiftawa 1/125, ISO ya zaɓi kansa amma a kafa masa iyaka a 6400. In mutane sun yi sahu biyu, a tsuke zuwa f/4 ko sama, in ba haka ba na gaba su fito na baya su dushe.

Akwai masu son Sigma 18-50mm f/2.8, wanda ya fito a bakin RF, wato mai hawa R10, a 2024, ya maye gurbin duka biyun. Hotonsa ya fi na 18-150 kaifi, ba musu. Sai dai ba shi da hana rawa, don haka bidiyon hannu a R10 zai yi ta karkarwa, kuma 50mm ba ya kai ko'ina daga saman jirgi. A gari za mu zaɓe shi, a teku ba za mu zaɓe shi ba.

Fitilun jirgi galibi LED ne, kuma jirage da yawa wutarsu na bugawa sau 60 a daƙiƙa, ba 50 irin tamu ba. In aka ga ratsi-ratsi a hoto, a fita daga ƙiftawar lantarki marar ƙara a koma ta inji, a kunna hana ƙyaftun fitila a menu. In bidiyo ne ke walƙiya, a gwada 1/60 maimakon 1/50.

Aibu na biyu: ruwa

R10 da lensinta ba a toshe su daga laima da ƙura ba. Mutumin Sakkwato ya san zafi, ya san ƙura, amma iskarmu busasshiya ce yawancin shekara, shi ya sa abin da ke faruwa a safiyar farko yake ba shi mamaki. Kyamara ta kwana a ɗaki mai esi ta yi sanyi. Aka fito da ita baranda a Bahar Maliya ko Tekun Fasha, inda iska ke da ɗumi da laima, nan take gilashin ya yi fari fat, kamar yadda kofin zoɓo mai ƙanƙara ke gumi a rana. A goge, ya dawo kafin a ɗaga hannu, domin gilashin har yanzu da sanyinsa. Mafi muni shi ne a riƙa jawo zum a wannan hali: lensin yana tsawo yana komawa, yana zuƙar jiƙaƙƙiyar iska ciki kamar zugazugi, raɓar ta sauka a gilashin ciki inda hannu ba ya kaiwa. Wannan raɓa ita ce ke zama hunhuna bayan watanni.

Abin yi mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri. Tun a ɗaki a saka kyamara a leda mai zif, a matse iskar, a rufe. A fita da ita a bar ta minti 20 zuwa 30, raɓar za ta sauka a bayan leda. In an taɓa an ji jikinta ya daina sanyi, a buɗe. Wanda ke son hoton fitowar rana ya fitar da ledar kafin ya yi alwalar Asuba, kafin ya idar ta shirya. Da dare a ajiye jakar a cikin kabad nesa da bakin esi, da ƙullin silika huɗu ko biyar, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi. Kada a bar ta ta kwana a baranda don gudun raɓa, feshin gishiri ya fi raɓa ɓarna.

A gaban lensi a ɗaura filta marar launi mai faɗin 55mm tun kafin a hau jirgi, ta 24mm ɗin kuma 52mm ce. Bayan yini a sama, in aka karkata filtar a gaban fitila za a ga ƙananan fararen ɗigo sun bushe a kanta. Gishiri ne, kuma yana da kaifi. Gefen babbar riga, musamman shadda mai sitati, ko bakin mayafi, in aka murza da su a bushe, zane za su bari. A fara hurewa da 'yar robar hura iska, a kwance filtar a ɗauraye ta da ruwan roba, a tsane da ƙyallen goge tabarau mai tsabta. Jikin kyamara a shafe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a bi da busasshe, a kula da ƙarfen da ake ɗora filasha da ƙananan sukurori, su ke fara tsatsa. Minti biyar ne kowane dare.

Wanda kuɗinsa ya kai, R7 ta rufe wannan ɓaraka a jikin kyamara: an toshe ta daga laima, tana da hana rawa a jikinta, ramin memori biyu, labule na rufe sensa in an kashe. Amma giram 612 ce, kuma in 18-150 ɗin nan aka ɗora mata, lensin yana nan a buɗe.

Baƙar fata, farin kaya, hasken teku

Wannan ba laifin Canon ba ne, kowace kyamara haka take, amma mu ya fi shafa. Na'urar auna haske tana ganin sararin sama da ruwa mai ƙyalli da farar shadda, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskar mai duhun fata ta nutse. A ƙara haske da kashi biyu cikin uku zuwa mataki ɗaya a ma'aunin nan mai alamar + da -, sannan a duba kada aikin wuyan riga ya goge ya zama fari zalla. Kunna D+ a menu yana taimakawa wajen riƙe farin, ɗauka a C-RAW, wato ɗanyen hoton RAW da aka matse, kuma yana ba da damar ɗago fuska daga baya ba tare da hoto ya lalace ba. 'Yar filashar da ke kanta ba ta da ƙarfin yin gasa da ranar tsaka, in an wuce mita ɗaya ko biyu babu abin da take ƙarawa. Ya fi sauƙi a matsar da mutane bakin inuwar rumfa, su fuskanci wajen haske, ruwa na gefensu ba bayansu ba. Lokacin da hoto ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga La'asar sakaliya zuwa Magariba. Tsakanin Azahar da La'asar a bar kyamara ta huta.

Filta mai kashe ƙyalli, wadda ake juyawa, tana mayar da ruwa shuɗi sosai har a ga ƙasan wurare marasa zurfi. Tana cin haske kamar mataki ɗaya da rabi, don haka a cire ta da an shiga ciki, kuma ta bayan gilashin tagar jirgi takan fito da launuka kamar bakan gizo.

Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku a bar ta a gida. Jirgi ko a tsaye yake injinsa na kaɗawa, ƙarfe kuma yana kai kaɗawar har cikin lensi. Haka ma jingina gwiwar hannu a kan ƙarfen baranda. Jikin mutum ya fi shanye girgiza: a buɗe ƙafa, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a leƙa ta maleƙa ba ta allo ba. A sa Tv, saitin zaɓar saurin ƙiftawa, 1/500 ga yara masu gudu, 1/1000 ga tsuntsu da dolfin da duk abin da aka ɗauka daga ƙaramin jirgin da ke kai mutane gaɓa. Maratayi kullum a wuya ko a naɗe a hannu kafin a matsa bakin baranda. Jirgi mai gudun kilomita 35 zuwa 40 a awa yana yin iskarsa ko da rana ta lafa, wadda ke cika bidiyo da gurnani. R10 na da ramin makirfo, ƙarami mai rigar gashi ya wadatar.

Dogon lensi kamar RF 100-400mm, giram 635, sai ga wanda tsuntsaye da namun daji ne suka kai shi, misali a tsibirin Sir Bani Yas na Abu Dabi. In ba haka ba sau biyu zai fito daga jaka. RF-S 10-18mm, giram 150, ya fi shi amfani ga mai son ɗaukar cikin ɗaki da manyan gine-gine, amma wayar zamani mai faffaɗan ido tana toshe wannan gurbi.

Bakin ruwa kuwa ba wurin R10 ba ne sam. Yashi in ya shiga zoben zum sai a ji yana ƙaras-ƙaras, kuma ba ya fita. Waya mai alamar jure ruwa ta IP68 ma a ruwan daɗi aka gwada ta, ruwan gishiri na cin ramin caji. In kasafi ya bari, ƙaramar kyamarar shiga ruwa OM System Tough TG-7 ita ce ta yara: giram 249, tana nutsewa har mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2.1. Da rana hotonta na da kyau, da dare waya ta fi ta, domin sensarta ƙarama ce. Abin da ke kashe irinta ba zurfi ba ne, silin gashi ɗaya ne ko ƙwayar yashi a robar ƙofar batir. Babba ya duba robar, ya kulle makullai biyun da hannunsa kafin ya miƙa wa yaro, a ɗaura mata maratayi mai yawo a saman ruwa domin ita kanta nutsewa take. Bayan an fito a jiƙa ta a ruwan daɗi minti 10, ta bushe sarai kafin a buɗe ƙofa.

Batir, wuta da memori

Batirin LP-E17 ƙarami ne. A ma'aunin kamfani, hoto 260 yake kaiwa ta maleƙa, 430 ta allo, bidiyo kuma na shanye shi da sauri. Uku ake buƙata: ɗaya a ciki, ɗaya a aljihu, ɗaya a caja. Cikarsa na ɗaukar kamar awa 2. Ana iya caji ta USB-C, amma sai da caja ko fawa banki mai alamar PD ta caji mai ƙarfi, kan cajar tsohuwar waya ba zai motsa ta ba. Batiran da ba na Canon ba sau da yawa ba sa nuna abin da ya rage, sai dai kyamara ta mutu ana tsakiyar ɗauka. Batiran ajiya da fawa banki a jakar hannu suke shiga jirgin sama, ba a kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh. LP-E17 bai kai 8Wh ba, fawa banki mai 20,000mAh kuma kamar 74Wh ne, duk suna wucewa.

Soket ɗin ɗakin jirgi yawanci na Amurka ne mai 110 da na Turai mai 220, filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba lallai ya samu gurbi ba. Cajar Canon na karɓar 100 zuwa 240, adafta kawai ake buƙata. Kada a ɗauko ekstenshin ɗin gida mai kariya daga hawan wuta, jiragen ruwa na ƙwace shi a ƙofar shiga saboda haɗarin gobara. Caja ɗaya mai ramukan USB da yawa ta fi. Manyan akwatuna a tasha ake karɓarsu, sai bayan awanni su iso ƙofar ɗaki, daren ƙarshe kuma a waje ake ajiye su, saboda haka kyamara da duk kayanta a kafaɗa suke hawa, a kafaɗa suke sauka.

Ramin memori ɗaya ne a R10, in katin ya mutu tafiyar ta tafi. Gara kati uku masu 64GB, masu alamar V30, da guda ɗaya mai 256GB. Kowane 64GB na ɗaukar RAW fiye da 2,000, ko bidiyon 4K na kamar minti 70. Jabun memori ya cika kasuwa, yana nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa rubuta sabon hoto a kan tsoho ba a sani ba. A gwada kowane kati da manhajar H2testw a kwamfuta kafin tafiya. Kowane dare a tura zaɓaɓɓun hotuna waya ta manhajar Canon ta Camera Connect, wadda ba ta buƙatar intanet. Wayar kuma ta zauna a yanayin jirgin sama in an bar gaɓa, domin layin teku na cinye kuɗi cikin mintuna. A gyara agogon kyamara: Jidda na gaban Sakkwato da awa 2, Dubai da awa 3, in ba a daidaita ba hotunan waya da na kyamara ba za su jeru ba.

Ƙaramin jirgin sama marar matuƙi na ɗaukar hoto kada ma ya shiga akwati, Masar ta hana shigo da shi ba izini, jiragen ruwa da yawa ma ba sa bari. A Saudiyya da Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba laifi ne a doka, balle matan mutane. Wurin binciken fasfo, jami'an tsaro da jiragen soja a tasha, a sauke kyamara. A wurin wanka a tsaya kan 'ya'yan gida.

Sony a6400 da 18-135mm, ko Nikon Z50II da 18-140mm, duk za su yi wannan aiki, wanda ya riga ya mallaki ɗaya kada ya canza. Canon ta sha gabansu a wajenmu ne saboda ita ta fi yawa a hannun masu hoton Arewa, in batir ko caja ya ɓace ana samun na aro ko na saye, kuma da adaftar EF-EOS R tsofaffin lensunan Canon na EF na aiki a kanta.

Lokacin da ta fito, R10 da 18-150 dala 1,379 ce a Amurka. Kuɗinta a naira na bin canji, a tambayi wuri uku a rana ɗaya kafin a biya. Yawanci daga Kano ko Abuja ko Computer Village ta Ikeja ake turo ta. In ta hannu ce, a haska tocilan ta bayan lensi a nemi zare-zare kamar saƙar gizo, hunhuna ke nan, a bar shi komai arahar. A sa f/22 a ɗauki sararin sama, duk ɗigon da ke kan sensa zai fito. A jawo zum daga farko zuwa ƙarshe a saurari ƙarar yashi, a kuma haɗa lambar jikin kyamara da ta kwali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A saye ta aƙalla wata guda kafin tashi, a kai yara bakin gulbin Rima wajen Kwalkwalawa da yamma, sanye da fararen kaya, a tsayar da su ruwa na bayansu, a ɗauka ba ƙarin haske, a sake ɗauka da ƙarin mataki ɗaya, sannan a juya su ruwa ya koma gefe. Hotuna ukun nan a jere za su koyar da abin da ke sama fiye da karatu. Bayan an dawo daga tafiya kuma, kada a rufe jakar a tura ta ƙarƙashin gado da laimar teku a cikinta. A fito da komai, a cire murafu da batir, a shanya a ɗaki mai iska nesa da taga kwana biyu, sannan a zuba a robar abinci mai murfin da ke kamawa, da sabon silika a ciki.